Amaryar da Aka Goya a Arba wa Nus

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu a nan Alƙahira, na ga wani ɗaurin aure da har yau bai bar kaina ba. Ni ba mai yawan mamaki ba ne. Duk wanda ya daɗe yana jan mota a garin nan, mamaki ya ƙare masa. Na ga iyali guda a kan babur ɗaya har da tunkiya, ban ko rage gudu ba. Amma wannan ɗin ya tsayar da ni.

Maigidana Kirista ne, mutumin Filato. Gidansa a Zamalek yake, ni kuma ina kwana a Ard al-Liwa tare da wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu da suke mini kallon kakan kowa. A gidan nasa akwai wata yarinya mai renon yara, da ita suka zo daga gida. A gidan marayu na 'yan mishan ta tashi, can cikin duwatsu, kuma ba ta ɓoye wa kowa. In ka tambaye ta 'yar ina ce, sai ta ce maka 'yar gidan marayu ce, kamar yadda wani zai ce shi Bazazzagi ne. Kawu take kirana. Kullum da safe kafin in ta da mota sai ta miƙo mini shayi ta taga, ta ce, "Kawu, sha ka saki fuska, gari bai yi maka komai ba tukuna."

Ranar hutunta takan je wata ƙaramar majami'a a Arba wa Nus, unguwar da 'yan Sudan suka fi yawa, tana koya wa yaransu waƙa. A can ta haɗu da wani saurayi ɗan kudancin Kaduna, ma'aikacin jinya a wani asibiti. Yaro ne mai hankali, ba shi da hayaniya. Magana ta yi ƙarfi, aka sa rana. Maigidana ya ce in ajiye komai, makon bikin ni da motar duk na amarya ne.

Aikina na farko filin jirgi ne. Ango yana bakin aiki, amarya tana wurin tela. Ta ce mini, "Kawu, mutum biyu za ka ɗauko, jirginsu ɗaya. Maman ango da uwata."

Na tsaya ina kallonta, don na san labarinta. Ta yi dariya ta ce, "Uwata ta gidan marayu. Ita ta rene ni."

Na ce tamam. A raina na riga na gama zana wata tsohuwa mai furfura da tabarau, ko ma wata Baturiya da ta tsufa a ƙasarmu.

Maman ango ba ta yi wuyar ganewa ba. Doguwa ce, mai jiki, irin shugabannin matan zumunta ɗin nan da in suka shigo wuri sai ka gyara tsayuwa ba ka san dalili ba. A kafaɗarta akwai wani saƙi baƙi da fari, a ninke, duk da zafin da ake yi. Bayanta wata 'yar siririyar mata ce, gajeriya, tana ɗingishi, sanda a hannu ɗaya, ɗayan hannun tana tura kurar akwatuna. Na gaishe da Mama, na karɓi kurar. Na ga jakar hannun Mama ta dame ta, sai na karɓa na miƙa wa gajeriyar na ce, "Ke, riƙe wa Mama wannan." Ta karɓa ta rataya a wuya. Ni a zatona 'yar aikin Mama ce.

Muka tsaya muna jira. Mutane suka yi ta fitowa har suka ƙare, ni ina ta leƙen ƙofa ina neman mai furfura. Can Mama ta gaji ta ce, "Malam direba, wai wa muke jira ne?"

Na ce, "Uwar amarya."

Ta ɗan ja tsaki. "Amaryar nan tana da uwa ne?"

Sai gajeriyar ta ce, "Ga ni nan, Malam. Tun ɗazu nake nan."

Na dube ta daga sama har ƙasa. Wallahi ba ta ba amaryar shekara goma cikakku ba. Ga jakar da na ɗora mata tana lilo a wuyanta. Na sa hannu zan karɓa, ta ce in bar ta, ta riga ta saba da ita. Ita ma Mama ta sha mamaki. Ta ce, "Ke ce kika taya ni ɗauko akwatuna a ciki, ba ki faɗa mini ko ke wace ce ba?"

"Ba ki tambaye ni ba, Mama."

A mota cunkoso ya riƙe mu a kan gadar sama, ba gaba ba baya. Nan Mama ta fito da abin da ke ranta. Ni ina kallonsu ta madubi.

"Ni ba na munafunci," in ji ta. "Na zo ne don ɗana ɗana ne. Zan zauna a majami'a, zan ce amin. Yarinyar ba ta yi mini laifi ba, a waya ma tana da ladabi. Amma kin ga wannan?" Ta dafa saƙin da ke kafaɗarta. "Da shi uwar mijina ta karɓe ni, ita ma da shi aka karɓe ta. A wurinmu uwar amarya ce take kamo ta ta miƙa wa uwar ango, ita kuma ta lulluɓe ta da shi a gaban jama'a. Daga ranar ta zama 'yar gida. Uwa ce take miƙa wa uwa. To ni wa zai miƙo mini? Ke? Ai ke da ita tare kuka yi wasan ƙasa."

Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na ce, "To Mama, in ba a lulluɓe ta ba fa?"

"Aure ya ɗauru, Malam, matar ɗana ce. Amma duk ranar da suka zo gida baƙuwa ce. Za a ba ta kujera, a ba ta ruwa, ba za a ba ta murhu ba."

"To me ya sa kika taho da shi?"

"Maigidana ne ya ɗora mini a kafaɗa, ya ce in je in gani da idona. Zan mayar masa da abinsa a ninke."

Gajeriyar tana kallon gari ta taga, kamar ba da ita ake ba. Sai da muka sauko daga gadar ta ce, "Gaskiyarki, Mama. Ban haife ta ba. Goyonta kawai na yi."

Haka muka ƙarasa Zamalek. Muna isa amarya ta fito da gudu ba takalmi, ta durƙusa ta gaishe da Mama yadda ya kamata, sannan ta faɗa jikin gajeriyar tana "Yaya, Yaya," har sandar ta faɗi. Daga ranar ni ma Yaya nake kiranta, ko da yake na girme ta nesa ba kusa ba.

Washegari na kai Yaya kasuwa sayen kayan miya, ta zauna a gaba. Na ba ta haƙuri kan jakar. Ta yi dariya ta ce ba ni na fara ba, a asibitin da take wanki ma baƙi sukan aike ta sayen ruwa. Daga nan na tambaye ta yadda aka yi ta zama uwa.

Ta ce a gidan marayunsu yara sun yi yawa, manya kaɗan ne. Saboda haka duk jaririn da aka kawo, sai a ba wata yarinya da ta ɗan tasa ta goya shi. Ke ce wankansa, ke ce kununsa, ke ce kukansa. Har aji ake shiga da goyo. Ita kuma shan inna ya taɓa mata ƙafa tun tana ƙarama, don haka Baturiyar gidan ta ce kada a ba ta kowa. Kowa da nasa, ita bayanta fayau. Ta ce abin ya fi ƙafar yi mata ciwo.

"Sai wata damina aka kawo wannan," in ji ta. "Ƙashi da fata, kai kamar lemun tsami. Ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Yaran duk suka ƙi ta, don kowa yana tsoron ta mutu a bayansa. Ni na je na tsaya a ƙofar Baturiya na ƙi tafiya. Ta ce in ba ta kai sati ba kada in yi kuka. Na ce ba zan yi ba. Malam, yarinyar nan ba ta barci sai a bayana. In na sauke ta sai numfashinta ya canza. Har ruf da ciki na koyi kwana saboda ita. Da na gaji sai in jingina da bango in yi gyangyaɗi a tsaye."

Na ce, "Har yaushe?"

"Har ta fara jan gashina tana ce mini doki."

Sannan ta faɗa mini abin da ya kawo ta. Ta ce a gidansu akwai al'ada, ba a littafi take ba, su yaran ne suka ƙirƙiro abinsu. Duk wadda za ta yi aure, wadda ta goya ta tana jaririya ita ce za ta sake goya ta, daga ƙofar majami'a har gaban fasto, ta kwance zani ta sauke ta a gaban miji. Ba su da uban da zai riƙo hannunsu, ba su da gidan da za a fito da su. Bayan da suka kwana a kai, shi ne gidan.

Na dubi ƙafarta, na dubi sandar da ta jingina da ƙofar mota. Na tuna amarya, wadda Allah ya yi wa tsawo, abincin Zamalek kuma ya karɓe ta. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ni ban iya zagaye ba. Ba za ki iya ba. Ku duka za ku zube."

Ta ce, "Malam, ka taɓa goyo?"

Na ce a'a.

"To tuƙa motarka."

Na tuƙa motata.

Ita ma amaryar ba ta so. Ta same ni a gareji ta ce, "Kawu, don Allah ka taya ni yi mata magana. Likita ya ce ƙugunta ya lalace. In ta faɗi saboda ni, wane aure zan ji daɗinsa?" Na ce na gwada, an ce in tuƙa motata. Sai ta ce abin da ya fi damunta shi ne Mama. Labari ya kai wa Mama, ta ce wasan yara ne, a cikin majami'a, da farar riga, gaban baƙin ƙasa. Ta ce in abin kunya za a yi gara a yi shi a ɗaki. Amarya ta ce, "Dama ba ta ɗauke ni mai mutane ba. In muka zube a gabanta, shi ke nan, na gama zama baƙuwa."

Faston kuwa, wani dattijo ɗan Sudan, ya ce shi bai ga abin da ya hana ba.

A kwanakin nan na lura amarya ta daina cin abinci. Ta miƙo mini shayi, ita ba ta sha. A ba ta shinkafa, ta juya cokali ta tashi. Na ɗauka zumuɗin aure ne. Ashe Yaya ta fi ni ido. Wata rana da rana ina cin nawa a bakin ƙofar kicin, na ji ta tsare ta.

"Zauna. Yunwa kike yi wa kanki don ki rage mini nauyi?"

Amarya ta sunkuyar da kai.

"Ke ba ki da kunya. Na goya ki ba ki kai nauyin ƙwaryar gari ba. Kullum da safe in na ɗora ki sai in ce, Ubangiji, ka ƙara mata ko kaɗan ne, in ji a bayana. Shekara da shekaru ina roƙon nauyin nan. Yanzu an ba ni, ke ce za ki rage mini? Cinye tuwon nan ina kallo."

Ta cinye tana hawaye.

Sun gwada goyon sau ɗaya a gareji, bayan mota, ni da bawwab, mai gadin ginin, muna kallo. Taku kaɗan suka yi suka kife a kan tsoffin kwalaye suna dariya. Bawwab ya dube ni ya juya yatsa a gefen kansa. Ban yi masa musu ba.

Ranar ɗaurin aure da hantsi na ɗauko amarya da Yaya. Wanda ya san Arba wa Nus ya san mota ba ta kaiwa ko'ina. Kwalta ta ƙare, aka shiga ƙasa da ramuka, gine-ginen jan bulo da ba a gama ba sun matse hanya, tuktuk, wato a-daidaita-sahunsu, suna ta kutsawa ta ko'ina. Na lallaɓa har inda mota ta ƙi, muka ƙarasa da ƙafa, matan Sudan suna riƙe wa amarya jelar riga kada ta sha ƙasa. Majami'ar ƙasan wani gini ce, doguwa, 'yar siririya, kamar shagon da aka fasa bangonsa aka haɗa da na baya. Daga ƙofa ina hango ango can ƙarshe cikin kwat, yana ta goge gumi. Mama tana bencin gaba, a bakin hanya, saƙinta a ninke a kafaɗa.

Niyyata in koma mota in kishingiɗa. Ni Musulmi ne, ban taɓa sa ƙafa a majami'a ba, kuma ban zo Masar don in fara ba. Sai Yaya ta miƙo mini sandarta.

"Riƙe mini, Malam. Ka biyo mu a baya. In na sauke ta zan buƙace ta nan take."

Na buɗe baki in ce a nemi wani, ta riga ta juya. Ta kwance wani tsohon zani daga ƙugunta, ya koɗe har ba ka gane launinsa. Ta sunkuya ta dafa gwiwoyi. Amarya, da farar rigarta da mayafinta da furanni a hannu, ta hau. Yaya ta yafa zanin, ta ja, ta ɗaure a ƙirji, ta soke na ƙasa. Ƙafafun amarya saura kaɗan su taɓa ƙasa, sai da ta naɗe su. Ta baya ba ka ganin Yaya sam, sai farar riga da wasu 'yan ƙafafu biyu a ƙarƙashi, ɗaya ta fi ɗaya kauri.

Ni kuma da na zo bakin ƙofa, sai na tuɓe takalmina kamar yadda na saba. Sai da na shiga na ga kowa da nasa a ƙafa. Haka na bi su, da safa mai huji a babban yatsa, da sandar mace a hannu.

Masu waƙa suna waƙa, da suka ga abin da ke shigowa sai muryoyin suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Mai ganga ya bar hannunsa a sama. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka da tafiyar Yaya. Ƙafa mai lafiya ta taka, ta jawo ɗayar. Ta taka, ta jawo. Duk taku sai farar rigar ta karkata gefe kamar za ta zube, sai ta dawo. Ina bayansu ina jin numfashinta. Na ga wasu 'yan mata sun fara murmushi, murmushin ya mutu a fuskarsu. Wata tsohuwa 'yar Sudan ta miƙe tsaye, ta kusa da ita ma ta miƙe, haka benci bayan benci, duk inda muka wuce.

Mun wuce rabi, saura kaɗan mu kai bencin Mama, sai abin da nake tsoro ya faru. Rigar amarya santsi gare ta, zanin kuma ya tsufa. Ɗaurin ya fara zamewa. Amarya ta sulɓo ƙasa, nauyinta duk ya koma kan ƙugun nan da likita ya ce ya lalace. Yaya ta tsaya cak, a sunkuye. Ƙafar tana rawa, ina ganinta da idona, kamar igiyar da aka ja. Gumi yana ɗiga daga haɓarta a kan siminti.

Ango ya taso, fasto ya riƙe masa hannu. Na matsa na miƙa sandar, Yaya ta girgiza kai. Hannayenta duka biyu suna baya, sun tallabe amarya, in ta saki ɗaya an gama.

Na ji amarya ta ce a hankali, "Yaya, sauke ni. Ya isa. Don Allah sauke ni."

Sai Yaya ta ɗan jijjiga ta, ta bubbuga ta da tafin hannu, irin yadda ake yi wa jariri in ya fara rigima. Kuma wallahi amaryar nan, mace da girmanta, sai ta yi shiru, ta kwantar da kai a tsakanin kafaɗun Yaya, ta rufe ido. Jikinta ya san wurin. Ni a nan ne tsigar jikina ta tashi.

Amma tafiya ta ƙi. Ta gwada ɗaga ƙafa, zanin ya ƙara zamewa.

Sai na ji benci ya yi ƙara. Mama ce ta miƙe. Ta tako, fuskar nan a ɗaure, na ce a raina shi ke nan, za ta ce a daina wasan yara. Ta zagaya ta dubi ɗaurin, ta sa yatsa ta taɓa, ta ce da muryar faɗa, "Ke, wa ya koya miki goyo ba majanyi?"

Yaya tana haki ta ce, "Ba mu da shi a gidan, Mama. Zani ɗaya ake ba mu."

"Duk shekarun nan da zani ɗaya?"

"Da shi ɗin nan."

Mama ta dubi zanin. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ja saƙin daga kafaɗarta, ta warware shi da girgiza ɗaya. Ta sa kafaɗa ta tura amarya sama kamar buhu, ta zagaya saƙin ta ƙarƙashinta, ta kawo gaba, ta ja har Yaya ta yi nishi, ta ƙulle shi tam a cikin Yaya. Hannun wadda ta goya yara da yawa ne, ko dubawa ba ta yi.

"Miƙe bayanki kaɗan. Yawwa. Ke kuma amarya, ki manne, ki daina taimaka mata, nauyi kike ƙarawa. Mu je, ina bayanki."

Ta sa tafin hannunta ɗaya a ƙarƙashin amarya. Ba ta ɗauke nauyin ba, na lura da kyau, tallabe kawai ta yi. Yaya ta taka, ta jawo. Ta taka, ta jawo. Ban san wadda ta fara guɗa ba, amma kafin mu kai gaba matan Sudan sun cika ginin da ita har fanka ba ta jiyuwa. Ni dai ina biye, ban san lokacin da na fara cewa "Ya Allah, ya Allah" a kan kowane taku ba.

A gaban fasto Yaya ta tsaya. Ta kwance tsohon zaninta da kanta. Saƙin kuwa ƙullin Mama ya fi ƙarfin yatsunta, sai da Mama ta kwance. Amarya ta sauko ta tsaya da ƙafafunta. Na miƙa sandar, wannan karon ta karɓa da sauri.

Fasto ya jira guɗa ta lafa, ya yi tambayar da suke yi, da Turanci, wai wa ya ba da wannan mace. Yaya ta buɗe baki, numfashi ya hana ta. Sai kawai ta kamo hannun amarya ta ɗora a hannun Mama. Mama ta karkaɗe saƙin, ya jiƙe da gumin mutum biyu, ta lulluɓe amarya da shi a kan farar rigar, ta ce da Hausa, da ƙarfi, "Uwarta ce ta kawo ta. Ni na karɓa."

Fasto ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ya dube su, ya gyaɗa kai, ya ce da Larabci, "Khalas. Tamam," wato shi ke nan. Ya ci gaba da ɗaurin aure.

Sauran ban riƙe da yawa ba. An sa zobe, an yi waƙa, an yi addu'a mai tsawo. Na fita na sami takalmina wani ya ɗora mini a kan taga. Wurin cin abinci Yaya ba ta iya zama ba, a kan benci ta kwanta ruf da ciki. Mama ce ta zauna kusa da ita tana murza mata man zafi a ƙugu, tana ta faɗa. "Taurin kai kamar jaki. Da kin karye fa? Wa zai goya jikokin?" Yaya tana cewa, "A hankali, Mama," ita kuma tana cewa, "Yi mini shiru." Da na zo wucewa Yaya ta ɗago kai ta ce, "Malam, mun zube?" Na ce, "Ni dai an ce in tuƙa motata."

Sun koma gida tuntuni, su duka. Maigidana ma an mayar da shi, ni na zauna, yanzu kayan 'yan kasuwa nake ja. Labarin da ya iso ni shi ne amarya ta haihu, kuma a ɗakin Mama ta yi wankan jego.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, ba zan ce muku na fahimci wani babban abu ba. Addinina yana nan inda yake, nasu yana inda yake. Abin da na sani shi ne na shiga wurin ina ganin yarinyar ba ta da kowa, na fito ina tambayar kaina ko ni ina da wanda zai ɗauke ni daga ƙofa zuwa gaba da ƙafa ɗaya. Mu da muka tashi cikin dangi, sunan uba muke riƙewa, da na kaka, da na gari. Ba mu cika tambayar bayan wa muka kwana ba.

A makon bikin na kira babbar yayata a gida, kamar yadda na saba. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, wai ni wa ya goya ni?" Ta ce lafiya nake kuwa. Na ce lafiya lau, tambaya ce kawai.

Ta ce, "Wa zai goya ka in ba ni ba? Inna tana gona. Ga ka da ƙaton kai, ga fitsari. Har yau in hadari ya haɗu sai bayana ya tuna da kai."

Na ce, "Na yi nauyi?"

Ta ce, "Ka yi. Amma ban taɓa sauke ka don nauyi ba."

Ina cikin mota a lokacin, a gefen titi, ana ta yi mini oda a baya. Na bar su suka yi ta yi.